Tsarabar Luoyang

Shafi na 34

Masu bi na har inbox da "Anti shiru muka ji", ku yi haƙuri, ƙaramar tawa ce ba ta ji daɗi ba, amma da sauƙi yanzu. Mai saurin hawaye ya nemi gefe ya zauna kafin ya fara.

*

Tun da Ramlat ta dawo daga Caina ba a bar ta ta miƙe ƙafa ba. Gidan Malam Muhammadu Sani ya koma kamar gidan suna, wannan ta shigo da sannu da zuwa, waccan ta fita da ɗan kwalin shayi a hannu. Ƙauyen kaf, kai har cikin Makoda, ba a san macen da ta taɓa hawa jirgin sama ba sai in Makka za ta. Sai ga autar Inna Hure, wadda ta karanta aikin gona a Ɗambatta, ƙungiyar manoma ta tura ta koyon sarrafa ƙananan motocin noma.

Yau ma da la'asar mata sun cika inuwar mangwaron tsakar gida, ana ɓarar gyaɗar iri, don hadari ya fara leƙowa ta gabas kuma maza sun duƙufa kai taki gona.

"Ke ni fa ba shayi ya kawo ni ba," in ji Gwaggo Larai, maƙwabciyarsu, tana karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zaninta. "Buɗe wayar nan ki nuna mana garin. Me ma kika ce sunansa? Lawwali?"

"Luoyang, Gwaggo."

"To shi ɗin."

Ramlat ta gyara zama kusa da Inna, aka yi mata rumfa da kawuna.

"Nan ce masana'antar. Kun ga jajayen nan? Duk taraktoci ne, iyakar ganinki. Ɗakin da ake haɗa su ya fi filin idinmu girma."

"Su wa ke ɗaga wannan uban ƙarfe?"

"Wani hannu ne na ƙarfe yake ɗauka yana ajiyewa. Mutum na gefe yana danna maɓalli. Wadda na gani tana kula da shi ma mace ce, ba ta kai ni jiki ba."

"Ikon Allah!"

Ta tura hoton gaba.

"Wannan daga tagar jirgin ƙasa na ɗauka. Inna, dubi gonakinsu. Kamar namu, gona na jikin gona, ko tafin hannu ba su bari ba. Alkama ce shar."

Inna Hure ta ƙura ido, ta gyaɗa kai. "Ashe su ma ƙasar ta yi musu kaɗan."

"Wannan kuma furen da garin ke taƙama da shi ne. Guda ɗaya ya kai ƙoƙon fura. Lokacinsa muka tarar, mutane daga garuruwa masu nisa suke zuwa."

"Miya ake da shi?" in ji Larai.

"A'a, kallo kawai."

"Kallo? A biya kuɗin mota a je kallon fure? Allah Ya ba su aikin yi. Ni ko zogale ne ya yi fure sai na san yadda na yi da shi."

Aka tuntsire da dariya. Har Sadiƙa, matar Yaya Muntaka, wadda ba ta cika hayaniya ba, sai da ta rufe baki da gefen mayafi. Jaririyar da ke bayanta ta motsa ta fara ƙananan kuka, ta miƙe tana jijjiga ta.

"Bari in duba tukunya, kada ku wuce wuraren masu kyau ban dawo ba."

Ta zagaya madafa. Ramlat ta bi bayanta da kallo, sannan ta yi saurin mai da ido kan waya.

"Ga inda ya fi ba ni mamaki. Dutse ne zungurere a bakin kogi. Kun ga ramukan nan kamar saƙar zuma? Mutanen da ne suka sassaƙa, sama da shekara dubu. Kusan kowane rami da mutum-mutumi a ciki. Babban cikinsu yana zaune, kunnensa kaɗai ya fi ni tsawo."

"A'uzu billahi! Gumaka kika je gani, 'yar Malam?"

"Tarihi ne, Gwaggo, ba wanda ya ce in rusuna. Amma ki ga kogin. Ruwa kwance, itatuwa sun saki rassa har ƙasa kamar an tsefe musu kai..."

"Kawo in gani da kyau, idon nan ya fara tsufa."

Kafin Ramlat ta ankara Larai ta warce wayar. Babban yatsanta ya goga fuskar wayar sau biyu, sai ga bidiyo ya buɗe.

Ƙarar iska. Hayaniyar mutane cikin wani yare. Ramlat tsaye da hijabinta ruwan toka, dutsen a bayanta.

Sai muryar namiji, tar, da Hausa:

"Tsigi, ja baya kaɗan mana, dutsen bai fito ba. Yauwa. To saki fuskar, ke kullum kamar an ƙwace miki rake..."

Dariya ta biyo baya, mai ɗan tari a ƙarshenta.

A cikin jirgi Ramlat ta zauna ta goge duk abin da ya shafe shi. Ta rantse ta goge. Wannan ta ina ya tsira?

Ta fizge wayar ta kashe.

"Au! Har da Bahaushe a can?" in ji Larai.

"Tafinta ne. Shi yake fassara mana."

"Ai Bahaushe ko cikin tulu ka leƙa sai ka same shi yana ciniki."

Aka sake dariya. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba.

Inna Hure na zaune yadda take, ƙwayar gyaɗa tsakanin yatsunta, ba ta jefa a ƙwarya ba, ba ta yar ba. Can ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba:

"Larai, rana ta yi sanyi. Ku je ku ɗora sanwa, gyaɗa ba guduwa za ta yi ba."

Da tsakar gida ta yi shiru, Inna ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Ramlatu. Biyo ni ɗaki. Da wayar."

*

Inna ta saki labule ta zauna bakin gado.

"Sake min shi."

"Inna, caji ya kusa..."

"Ramlatu."

Ta kunna. Inna ba ta kalli hoton ba. Karɓar wayar ta yi ta kara a kunne, ta rufe ido. Da ya ƙare ta miƙo.

"Ƙara."

Ta ƙara.

"Wa yake ce miki Tsigi?"

Ramlat ta kau da kai.

"Tambayarki nake. Duk faɗin duniyar nan wa yake ce miki Tsigi?"

"Inna, muryoyi suna kama..."

"Tarin ma kama yake? Tarin da ya samu tun yana yaye, na yi yawon magani har Kazaure?" Muryarta ta fara karyewa. "Mutum ɗaya ne. Shi kuma an yi masa sallah a ƙofar gidan nan babu gawa. Na daka gumbar sadakarsa da hannuna. To wane ne wannan?"

Ramlat ta zube a gabanta, ta kifa kai a gwiwarta.

Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan babban yayansu, ɗan fari, ya fito daga bakin Inna ba. Kunya ce irin ta mutanen da. "Yaron nan" take cewa, ko "yayanku". Ko da Muntaka ya sa wa ɗansa sunan, Inna ce ta fara kiran jaririn Halifa don kada bakinta ya kama. Yau sai ga shi ta ɗago haɓar Ramlat da yatsa biyu, ta dube ta cikin ido.

"Fa'izu ne?"

Kukan da Ramlat ta haɗiye tun daga filin jirgi ya ƙwace.

"Shi ne, Inna. Wallahi shi ne. Yana da rai."

Inna ba ta yi ihu ba. Bakinta ne kawai ke motsi, innalillahi take ko alhamdulillahi, Ramlat ba ta iya rabewa ba. Ta zamo daga gadon ta dafa goshinta a tabarma, ta daɗe a haka, kafaɗunta na girgiza.

Da ta ɗago ta share fuska da bakin zani.

"Faɗa min. Kada ki tsallake komai."

Ramlat ta ja numfashi.

"Ranar farko aka kai mu ɗakin karatu a cikin masana'antar. Malamin ya yi ta bayani ba mu gane ba, sai ya ce mu jira, suna da mai jin yarenmu. Aka buɗe ƙofa. Wani mutum ya shigo da sanda, yana jan ƙafar hagu. Furfura a gefen kansa, tabo tun daga kunne har goshi. Ya ce, 'Salamu alaikum, sannunku da hanya.' Inna, ban gane fuskar ba. Muryar ce ta sa biron hannuna ya faɗi."

"Shi fa?"

"Yana bi yana gaisawa da mutane ɗaya bayan ɗaya har ya zo kaina. Sai ya tsaya. Sandar ta suɓuce masa. Wani ya ɗauko ya ba shi, ya ce jiri ne. Ya koma gaba ya fassara darasin nan tas, bai ƙara kallon inda nake ba. Ni kuwa ban san me aka koyar ba. Da aka tashi na tsaya a baranda. Ya zo ya tsaya a gefena, yana kallon taraktocin da ke ƙasa. Abin da ya fara cewa..."



"Me ya ce?"

"Ya ce, 'Tsigi, Inna na da rai?'"

Inna ta toshe baki da hannu biyu.

"To Sabo fa?" ta ce da ƙyar. "Sabo da suka tafi sayo wa Alhajinsu injin matsar gyaɗa tare? A zauren nan ya durƙusa yana kuka ya ce da idonsa ya gani."

"Sabo bai yi ƙarya ba. Abin da ya gani ya faɗa. Motar ta kife da su a hanyar dutse, aka ɗauki Yaya a lulluɓe, jini ko'ina. Ga shi farkon annobar nan ne, an rufe hanyoyi, ba a shiga asibiti. Wani ya ce masa ai baƙon bai kai ba. Shi kuma ya samu jirgi ya taho. Jakar Yaya da wayarsa duk sun salwanta a wurin. Ya farfaɗo, amma kansa ya bugu. Ya fi shekara bai san ko sunansa ba."

"A hannun wa? Wa ya riƙe min shi?"

"Wani tsoho ne, Musulmi ɗan can. Akwai su da yawa a tsohon gari, da masallatansu. Yana da shagon taliya da romon naman sa, nan Yaya ke cin abinci duk zuwansa saboda halal. Shi ya bi sawu har ya gano shi, da aka sallame shi ya kai shi gidansa. Shi ya riƙa ba shi abinci a baki. Shi ya sake koya masa alwala. Na gan shi, Inna, ɗan tsamurmuri da farar hula, sunansa na Musulunci Yunusa. Da Yaya ya ce masa ni ƙanwarsa ce, sai ya shige bayan tukwane yana goge ido. Ya ƙi karɓar ko sisi a hannuna har na baro garin."

"Allah Ya ba shi Aljanna. Allah Ya jiƙan iyayensa." Inna ta damƙi hannunta. "Yana cin abinci? Ya rame?"

"Bai rame sosai ba."

"Ƙafar tana masa ciwo?"

"In sanyi ya yi."

"Wa yake masa wanki? Ya yi aure?"

"Bai yi ba. Shi kaɗai ne a ɗan ɗakinsa, saman shagon." Ramlat ta share hanci. "Kin tuna ƙullin kuka da daddawa da kika cusa min a jaka ina cewa ba na so? Shi na kai wa. Ya kwance ledar, ya kai hanci. Ya ce, 'Wannan daddawar Inna ce, ba ta kasuwa ba.' Ya juya min baya, ya daɗe bai juyo ba."

Nan Inna ta fashe. Kuka mara sauti, irin na wanda ya saba ɓoyewa.

Sai kuma ta tsaya cak, kamar an taɓa ta da wuta.

"To da hankalinsa ya dawo fa? Ya manta hanyar gida ne? Shekara da shekaru ina kwana ina tashi da shi a raina, yana can yana fassara wa mutane karatu? Ko waya? Me na yi masa?"

"Haka na ce masa, Inna. Har zaginsa na yi."

Ranar hutu ce Fa'izu ya ɗauke ta zuwa wani dutse mai nisa da gari, inda ake shiga ɗan akwatin gilashi igiyar ƙarfe ta ja mutum sama. Ramlat ta rufe ido tana salati har suka isa. Da ta buɗe sai ta ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarta, kawunan duwatsu sun ɓullo ta cikinsa, shuɗi bayan shuɗi. Mutane na ta ɗaukar hoto. Ita kuwa a nan ta juya ta zazzage masa duk abin da ke cikinta. Ya bar ta ta gama, yana jingine da sandarsa.

"Me ya ce?" in ji Inna.

"Ya ce ranar da abubuwa suka dawo masa, bai ko sa takalmi ba ya ari waya ya shiga Facebook, ya nemo Yaya Muntaka don ya ce masa ga shi. Hoton farko da ya gani..."

Daga madafa sautin muciya ya taso, da muryar Sadiƙa tana yi wa jaririya 'yar waƙar rarrashi.

Ramlat ta rage murya.

"Hoton suna ne. Yaya Muntaka da babbar riga, Sadiƙa a gefensa da jariri. An rubuta, Allah Ya raya mana Fa'izu ƙarami."

Hannun Inna ya saki nata a hankali.

Sai yanzu abin ya iso mata. Murna ce ta rufe mata ido. Sadiƙa amaryar Fa'izu ce, ko shekara ba su rufa ba ya yi tafiyar. A ɗakin can na kudu ta yi masa takaba. Yanzu 'ya'yanta biyu da ƙaninsa.

"Ya ce min, 'In na dawo, wa zan raba da wa? Yaron da ke ɗauke da sunana in mai da shi me a bakin mutanen gari? Ba su ci amanata ba, Tsigi, mutuwa aka ce musu na yi. Matacce ba ya rushe gida. Ki bar ni inda kuka ajiye ni.' Ya sa na yi masa alkawari, Inna. Na yi. Ga shi ko sati ban rufa ba na karya."

"Ba ke kika karya ba. Allah ne Ya gaji da ganin hawayena."

Ta karkata kunne ga waƙar da ke fitowa daga madafa.

"Yarinyar nan marainiya ce," ta ce a hankali, kamar da kanta take. "Ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle ni ba. Sau ɗaya aka kashe mata miji ta rayu. Yanzu kuma in je in ce mata me?"

"To mu yi shiru, Inna. Ni da ke. In kin so jin muryarsa sai in kira miki shi a ɓoye."

"In yi shiru in ci tuwo da Malam a kwano ɗaya? In kalli ɗana ta cikin waya kamar ɓarauniya?" Ta girgiza kai. "Kuma auren fa, Ramlatu? Aure ne a kan aure. Wannan ba abin da mata biyu za su rufe a ɗaki ba ne."

"Gaskiyarki, Hure."

Su duka suka zabura.

Labulen ya ɗaga. Baba ne tsaye, buta a hannu, ƙafafunsa fari fat da ƙurar gona. Ba wanda ya ji shigowarsa. Daga yadda butar ke karkace ruwa na zuba a kan takalminsa bai sani ba, Ramlat ta gane ya daɗe a wurin.

Ya ajiye butar. Bai nemi kujera ba, a ƙasa ya zauna, ya jingina da bango.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Da idonki kika gan shi? Kin taɓa shi?"

"Na gan shi, Baba. Mun ci abinci tare. Bayansa na bi sallah."

Baba ya ɗaga hannuwa sama, ya shafa a fuska.

"Alhamdulillahi. Wanda Ya mayar wa Annabi Yaƙuba da ɗansa bai gaza ba." Ya dubi Ramlat. "Ya yi maganar iyalinsa?"

"Ya ce ranar da ya ga hoton ya je wurin limamin masallacinsu, ya furta saki a gaban shaidu."

"Ranar da ya ga hoton."

"E, Baba."

"Bayan an ɗaura. Bayan an haihu."



"Ni na kira Muntaka zaure," in ji Baba, idonsa a ƙasa. "Na ce masa yarinyar nan ba ta da kowa, kada ta bar gidan nan. Ya ce Baba matar yayana ce, ina jin nauyi. Na ce yayanka ya riga mu gidan gaskiya. Ita ma aka tambaye ta, ta ce duk abin da muka gani. Alheri muka nufa, Allah Ya sani."

"Malam, yanzu ya za a yi?" in ji Inna. "'Ya'yan nan..."

"'Ya'ya nasu ne, ba wanda zai taɓa min jikoki da baki. Amma hukuncin zaman, wannan ya fi ƙarfin ɗan karatuna. Sai na je Kano na zauna da malamai." Ya ɗago. "Abu ɗaya na sani. Ɗana ba zai tsufa a saman shagon taliya yana gudun gidan ubansa ba. Ko da rarrafe ne zai dawo."

"Baba, ya ce in aka matsa masa zai bar garin, ba za a ƙara jin ɗuriyarsa ba."

"Ni zai faɗa wa haka da bakinsa. Amma kafin kowa, akwai wanda ya kamata ya ji. Muntaka na ƙofar gida yana kwance shanu daga amalanke. Je ki kira shi. Kada ki ce masa komai. Kada kuma ki bi ta madafa."

Ramlat ta fita. Hadarin ya haɗu sosai yanzu, iska na kwasar ɓawon gyaɗa tana yawo da shi a tsakar gida. Ta samu Muntaka yana ɗaure sa a turke, rigarsa jiƙe da gumi.

"Yaya, Baba na kira. Ɗakin Inna."

"Ɗakin Inna kuma? Lafiya?"

Ta juya ta koma ciki. Ya biyo ta.

A bakin ƙofa ya cire takalmi ya yi sallama. Ya dubi Baba a ƙasa. Ya dubi idanun Inna da suka kumbura. Ya dubi wayar Ramlat da ke kan cinyar Inna, ta riƙe ta da hannu biyu kamar jariri.

"Zauna, Muntaka," in ji Baba. "Magana ce mai nauyi. Ina so ka yi ta maza, ka tuna duk abin da ya samu bawa..."

Muntaka bai zauna ba. Durƙusawa ya yi nan bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a kan tabarma.

"Ta gan shi ko, Baba?"



Inna ta juyo ta dube shi.

"Me ka ce?" Muryar Baba ta sauya.

"Tun da aka ce garin za ta ban ƙara barcin kirki ba. Na san za ta gan shi."

"Ka san yana raye?"

Ya gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Tun washegarin sunan Halifa. Ya kira ni. Na ce zan sake ta ya dawo, wallahi Baba na ce. Ya ce in na yi haka bai yafe min ba duniya da lahira. Ya sa na rantse da Alƙur'ani ba zan..."

"Salamu alaikum. Inna, ga ruwan Baba, na ga butarsa ta zube."

Labulen ya yaye. Sadiƙa ce, kwanon sha a hannu, jaririya a baya, murmushinta bai gama sauka ba. Ta dubi mijinta a durƙushe yana kuka. Ta dubi Inna. Ta dubi Ramlat, wadda ta kasa haɗa ido da ita.

"Baban Halifa, lafiya?" ta ce. "Na ji kana cewa ta gan shi."



"Ramlat... wa kika gani a Caina?"